Zaren Kitso a Wuyan Filasha

Maigidana mai ɗaukar hoto ne, shagonsa na kusa da tashar mota a nan Kontagora, amma 'yarmu ta fari har ta haihu babu hotonta ko guda a duniya. Baƙo zai yi mamaki, mu kuwa ba mu taɓa ganin abin mamaki a ciki ba. 'Yar fari ce, akwai kunya. Ni ban taɓa kama sunanta ba, ko yanzu da nake wannan rubutu da ɗan hannun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, alƙalamin ya ƙi. Shi kuwa ko kallonta ido cikin ido bai taɓa yi ba. Tun da aka yaye ta yayarsa, wadda duk gidan muke kira Gwaggo, har shi kansa, ta ɗauke ta zuwa Salka. A can ta girma, Gwaggo take ce wa Inna. Ni Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa.

Ƙannenta kam sun sha hoto. Kowace salla sai ya jera su gaban labulen shago mai zanen gidan sama da jirgi. In ta zo mana hutu aka fara shirin tafiya shago, sai ta sami abin yi a madafa, babu kuma mai kiranta. Ranar bikinta a Salka an kira wani mai hoto na can, amma amarya tana cikin lulluɓi. Abin da ya fito mayafi ne da haƙoran ƙawaye.

Kayan aikin maigidana na san su kamar tukwanena, don ni nake goge su. Kyamararsa tsohuwa ce, mai idanu biyu a gaba, ana rataya ta a wuya ta sauko kan ciki, mai ɗauka ya sunkuyar da kai ya leƙa ta sama. Sai fitilar nan mai walƙiya da ake kira filasha, wadda waya ke haɗa ta da kyamara. Sai dogon ƙarfe mai ƙafa uku da ake kafa ta a kai. Tsakanin filasha da ƙafa-uku akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi dunƙulen hannu ba, shi yana ce masa sirdi. Ana zura gindin filasha a cikinsa, a gefe kuma akwai noti mai kunnuwa biyu da ke riƙe wuyan, a ɗaga shi ko a sunkuyar. Duk sanda ya gama ɗaurewa yana da wata ɗabi'a: sai ya kama kan filashar ya ɗaga sama. In ƙafa-uku ta biyo ta, to ta zauna. Yakan ce, "Dokin da ba a ja linzaminsa a gida ba, a kasuwa zai ba ka kunya."

Sirdin nan ya samu rauni a wani biki a Beri, inda 'yan rawa suka yi ciki da ƙafa-uku ta kife. Tun daga ranar notin ya fara cinyewa. A shago ba ya damuwa, don akwai manyan fitilu na lantarki. In ya fita waje kuma rana ta ishe shi.

A cikin shekarun nan na wahalar mai, da damina, aka kawo mana 'yar tamu goyon ciki. Ta sauka lafiya, namiji. An yi suna, an ci an sha. Bayan suna ƙafafunta suka fara kumbura, muka ce na jego ne. Sai numfashi ya fara gagararta. Ba ta iya kwanciya, sai a jingine da matasai, tana jan iska kamar mai hawan tudu da tulu a ka. Muka kai ta asibiti. Likita ya ce zuciya ce, a daina wankan ruwan zafi, a daina kunun kanwa. Muka daina. Aka riƙe ta kwanaki, aka sallamo mu da ƙwayoyi. Wata ma'aikaciya ta rako mu har bakin ƙofa ta ce mini a hankali, "Mama, ku dage da addu'a." Na gane abin da take nufi, ban dai gaya wa kowa ba. Gwaggo ta taso daga Salka ta tare a ɗakin.

Wata safiya ina yi wa jaririn wanka, na tsura masa ido ina neman uwarsa a fuskarsa. Babu. Goshin dangin ubansa ne, hancinsu ne, har kunnen. Ni uwata ta rasu ina ƙarama. Na sha rufe ido in nemo fuskarta, abin da nake samu ƙeyarta ce kawai, lokacin da take goye da ni, da ƙamshin daddawa a zanenta. Na tambayi tsofaffi, wannan ta ce doguwa ce, waccan ta ce ai ba ta da tsawo. Na dubi yaron nan cikin kwano na ce a raina, shi ko ƙeyar ba zai samu ba.

To amma ta yaya zan buɗe baki? In ce a yi wa 'yar fari hoto, na keta kunya. In ce a yi da gaggawa, na faɗi abin da duk gidan ke gudun faɗa. Na kai wa maigidana abincin rana a zaure, na durƙusa ban tashi ba.

Na ce, "Malam, jaririn nan ba a yi masa hoto ba."

Ya ce, "In an yi arba'in a kawo shi shago."

Na ce, "Ba za a jira arba'in ba."

Ya ɗago. "Me ya sami yaron?"

"Yaro lafiyarsa ƙalau. Ai jariri ba ya zama da kansa, Malam. Sai an riƙe shi."

Ya daɗe da loma a hannu. Sannan ya mayar da ita cikin kwano, ya wanke hannu, ya ce, "Gobe da hantsi."

An kwana biyu da ɗauke wuta a unguwa, fitilun shago ba su da amfani ko da an kwaso su. Sai filasha, ita kuma da batir take aiki. Masu kyau daga Kaduna wani direba yake kawo masa, ga shi motoci sun tsaya a layin mai. Waɗanda ke ciki sun kusa mutuwa. Da sassafe na jera su kan murfin tukunya na ɗora a kan katanga su sha rana, yadda muke yi wa na rediyo. Ina tsaye ina kallon gabas, hadari yana haɗowa. Ranar ba ta yi wani ƙarfi ba aka fara yayyafi, na kwashe su da gudu na sa a ƙirjina cikin zane don kada ɗumin ya tafi.

Da farko mun gwada fito da mai jegon bakin ƙofa ko hasken gari zai isa. Ni da Gwaggo muka kama ta. Ba ta yi taku uku ba leɓɓanta suka canza, idanunta suka firfito. Muka mayar da ita gado, na yi ta yi mata fifita har ta dawo. Ɗakin kuwa taga ɗaya ce ƙarama, ga hadari ya rufe.

Na tura yara maƙwabta. Maigidana ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya shigo da kayansa kansa a ƙasa. Rabonsa da ɗakin tun kafin haihuwa. Ta ce, "Sannu, Baba." Ya amsa wa bango, "Yauwa. Ya jiki?"

Gwaggo ta ga filasha ta miƙe tsaye. "Kai mai hoto, wannan wutar za ka watsa wa jinjiri a ido? Ɗan da ko cibiyarsa ba ta gama bushewa ba? Ka makantar da jikana ka ce mini me?"

Ya ce, "Gwaggo, ba a idonsa zan haska ba. Zan juya ta ta kalli bango, hasken ya dawo a hankali. Sai dai bangon nan ja ne, zai shanye. A samo mini farin ƙyalle babba a rataya."

Farin ƙyalle babba, a kan marar lafiya. Shi ma sai da maganar ta fita ya ji ta. Na ga hannunsa ya kama ƙafa-uku ya matse. Na tashi na je ɗakinsa na ɗauko farar babbar rigarsa ta Juma'a, na baza ta a kan ƙusoshin da muke rataya faifai, a gefen gado.

Gwaggo ta ce, "To, yanzu dai liman ya shigo ɗaki." Aka ɗan saki numfashi.

Saura wanda zai riƙe filasha. Ni ba zan iya ba, don yarinyar ba ta zama sai an tallafe ta ta baya, Gwaggo kuma ba ta da ƙarfin riƙe ta. Hannun Gwaggo ma rawa yake yi, ta kuma rantse ba za ta taɓa abin da ke kuka kamar sauro ba. Mijin yarinyar yana zaure, amma ba zai shigo inda surukansa suke ba ko da wuta ta kama. Dole filasha ta tsaya da kanta a kan sirdi, wuyanta a ɗage yana kallon riga, kuma a kusa da gado, dab da inda kan jariri zai kasance.

Maigidana ya zura gindinta cikin sirdi, ya naɗe da robar ɗaurin kaya, irin wadda ake yankowa daga tsohuwar tayar keke. Nan ya kama. Ya ɗaga wuyan ya murɗa noti a hankali, kamar mai lallashi. Ya saki hannu, ta tsaya. Na ba shi batura da ɗuminsu. Ta fara wannan siririn kukan nata, muka yi ta jiran ɗan jan idon da ke bayanta ya kama.

Na hau gado na zauna a bayan yarinyar, na jingina ta a ƙirjina, na zagaya hannuwana ta ƙarƙashin nata don in taya ta ɗaukar yaron. Gwaggo ta lulluɓe ni da zane har ka, don hoton na jariri ne da mai riƙe shi, ba ni a ciki. Rabona da in rungume ta haka tun tana shan nono. Ta cikin bayanta ina jin zuciyarta tana gudu tana tuntuɓe.

Ta wata 'yar ɓula a zanen nake leƙe. Jan ido ya kama. Ya sunkuya kan kyamara. Sai na ga wuyan filasha yana sunkuyowa sannu sannu kamar mai gyangyaɗi a wurin wa'azi. Kafin in buɗe baki ya danna. Walƙiyar ta tafi ƙasa, ta sauka a ƙafafun Gwaggo.

Gwaggo ta yi tsalle. "La'ilaha illallahu! Fasona ka zo ɗauka? Shekara nawa ina roƙonka hoto, sai yau ka fara da dugadugai?"

Yarinyar ta yi dariya, dariyar ta zama tari. Tarin ya ƙi tsayawa. Gwaggo ta karɓe jariri, na yaye zane na riƙe ta tana ta kokawa da iska, gumi yana tsattsafo mata. Na yi ta karanta duk abin da ya zo bakina. Da ta lafa ta koma jikina kamar jiƙaƙƙen zane, na san ba za ta iya wannan zaman sau da yawa ba. Baturan ma haka. Kukan filasha ya koma can ƙasa, yana ja da ƙyar.

Maigidana ya durƙusa gaban ƙafa-uku yana murɗa noti. Notin yana ta juyawa ba ya kamawa, haƙoransa sun gama cinyewa. Ya kashe filasha don kada ta shanye sauran batir. Ya cusa tsinken ashana, ya karye. Ya naɗa roba a wuyan, ta ja shi gefe ya koma yana kallon gado, daidai fuskar yaron. Ya warware. Ya ce mini ba tare da ya juyo ba, "Ke, ba ni zare." Gwaggo ta miƙo masa na gwangwanin allurata. Ya naɗa a jikin ƙusar, ya murɗa noti, zaren ya tsinke ya zube kamar gari. Ya sake, ya sake tsinkewa. Notin ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin gado. Babban mutum da furfurarsa ya kwanta rub da ciki yana lalube cikin kwanuka. Ruwa ya kece a kan kwanon rufi, ɗakin ya ƙara duhu.

Na ce a raina, ya Allah, ban roƙe ka gida ba, ban roƙe ka zinariya ba. Wuyan ƙarfen nan kawai ka tsayar mini.

Sai na ji muryarta can ƙasa. "Yaya, warware na kaina. Ya fi kauri."

Kitson zare ne a kanta, Gwaggo ta yi mata kafin suna, da baƙin zaren nan mai ƙarfi. Na zame ɗankwalinta ta baya, na kama ɗaya daga na ƙeya inda ba zai fito a hoto ba, na warware. Gashin ya saki a hannuna, laushinsa na nan kamar na yarinta. Na miƙa wa Gwaggo, Gwaggo ta miƙa masa.

Ya naɗa shi a jikin ƙusar, zagaye bisa zagaye, ya danne bakin da farce. Ya ɗora noti. Da farko ya ƙi shiga, ya matsa, ya shiga yana ƙara. Ya ɗaga wuyan ya saita shi a kan riga, ya murɗa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Ya saki. Ta tsaya. Ya kunna ta, ya juya da sauri zai ɗauki kyamara.

Ta ce, "Baba, ba ka ɗaga ta ba."

Ya tsaya cak, bayansa gare mu.

Ta ja numfashi ta ce, "Dokin da ba a ja linzaminsa a gida ba."

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Ke ina kika san wannan?"

"In an aike ni kai abinci shago, nakan tsaya a bayan labule."

Ya koma, ya kama kan filasha ya ɗaga. Ƙafa-uku ta biyo ta sama gaba ɗaya, ƙafafunta suna lilo. Ya ajiye, wuyan bai motsa ba.

Jan idon ya daɗe bai kama ba. Aka mayar mata da yaron, aka sake lulluɓe ni. Ina jin nauyinta yana ƙaruwa a jikina, kanta yana neman faɗawa kafaɗata. Na raɗa mata ta cikin zane, "Daure kaɗan. Kaɗan ya rage." Kukan filasha ya yi siriri har na ɗauka ya mutu. Sannan idon ya yi ja, dishi-dishi.

A shago yana da baki: a ɗaga haɓa, Hajiya a saki fuska, kada a ƙifta. Yau bai san da me zai kira ta ba. Ya sunkuya a kan kyamara ya ce, "Mai jariri, a dubo nan."

"Ina, Baba?"

Ya buga ƙirjinsa da yatsa, saman kyamarar. Ta ɗago.

Sai bai danna ba. Kansa a sunkuye yake, yadda ya saba yi a gabanta tun tana rarrafe, wanda ya leƙo zai ce kunyar ce. Amma ni na san abin da ke cikin gilashin nan da yake kallo. Fuskarta ce cike da shi. Na ji tsoro kada wuyan ya sake, kada jan idon ya mutu, kada ita ta sulale, amma ban iya ce masa ya yi sauri ba.

Gwaggo ce ta ce, "Mai hoto, ka danna mana, ko sai yaron ya yi gemu?"

Ya sa babban yatsa ya goge gilashin ya ce, "Ƙura ce." Ana tsakiyar ruwan sama. Gwaggo da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, wannan ta bar ta.

Ya danna. Rigar Juma'a ta kama haske, ɗakin ya yi fari fat har ta cikin zanena, ya koma duhu. Yaron ko motsi bai yi ba. Na leƙa, wuyan filasha na nan inda aka bar shi. Ya so ya ƙara ɗaya saboda tsaro, muka jira, jan idon bai sake kamawa ba. Ita ma ta riga ta zame a jikina, idanunta a rufe, tana numfashi sama sama.

Ya cusa kyamara cikin rigarsa ya fita cikin ruwa. Wunin nan ban san me na dafa ba. Ko ta ƙifta? Ko hasken bai isa ba? Na sha ganin ya dawo daga ɗakin duhu inda yake wanke hoto yana tsaki, fim ya fito baƙi ko fari. In wannan ya lalace babu batir, kuma ba na jin akwai wani zaman a jikinta.

Dab da magariba ya yi sallama. Da yake babu wuta bai iya faɗaɗa hoton ba, da tocila ya buga shi ɗan ƙarami, bai fi tafin hannun yaro ba, bai ma gama bushewa ba. Ya ajiye a gefen tabarmar Gwaggo ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Gwaggo ta kai shi kusa da fitilar ƙwai, ta daɗe, sannan ta miƙa mata.

Hoton ya fito. Idanunta a buɗe, hasken ya kwanta mata a gefen fuska, har ɗan tabon da ke girarta ana gani.

Ta kalla ta ce, "Ashe haka na kumbura." Can kuma ta ce, "Yaya, ga yatsunki nan, zanen bai rufe ba." Na duba, ga su kuwa a ƙarƙashin yaron, a kan nata. Ta miƙo mini. "A ajiye masa inda ruwa ba ya zuba."

Ba ta kai arba'in ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Da wuta ta dawo ya faɗaɗa hoton ya sa a gilashi. Notin nan kuwa bai sake kwance shi ba har ya bar sana'a. Wuyan filasha ya zauna a ɗage yana kallon gefe, bakin baƙin zare yana leƙowa. In aiki ya kama a yi da ita, sai dai ya matsar da mutane, ko ya rataya farin abu a inda take kallo.

Yaron a hannuna ya tashi. Da ya fara tafiya na saukar da hoton ƙasa ƙasa, daidai tsayinsa. Yakan tsaya ya manna hanci a gilashin, in goge, ya sake mannawa. In baƙi sun zo ba ya bari su zauna sai ya ja su da zane ya kai su gaban bango, ya ɗora yatsa a kan fuskarta, ya faɗi sunanta gaba ɗaya da ƙarfi. Gwaggo ce ta koya masa. Ni nakan shiga madafa in bar ƙofar a buɗe.